Tuwon Tashar Babura

'Yar uwa, bari in tambaye ki wani abu, ki amsa a ranki kawai. Akwai wani abinci da kika taɓa ci a waje, ba a gidanku ba, ba kuma a gidan mijinki ba, a wata rumfa ko wani gidan abinci, wanda har yau idan ya faɗo miki a rai sai kin haɗiyi yawu? Kin gwada yin sa a kicin ɗinki ya fi sau biyar, kin zuba duk abin da kike zaton an zuba, amma da kin kai loma ta farko sai jikinki ya yi sanyi, ki ce a'a, ba shi ba ne.

Ban taɓa yi wa mutum wannan tambayar ya ce mini babu ba. Mu masu aikin dare a asibiti ita ce hirarmu, wajen ƙarfe uku, idan marasa lafiya sun samu barci, yunwa kuma ta fara ƙwaƙular ciki. Wata abokiyar aikina za ta kawo zancen soyayyar karfasa da take saya a bakin dam na Kazaure lokacin tana ɗaliba, a naɗe a takarda, an barbaɗe ta da yaji. Wata 'yar Roni kuma ba ta da magana sai ta wata mai waina da miyar taushe da ke zama a bakin kasuwarsu tun tana yarinya. Ni nawa ɗanwake ne. A 2014 aka fara tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Gwiwa, kuma akwai wata mata da ke kafa tukunyarta a gindin wata darbejiya daidai lokacin da nake tashi daga aikin dare. Ɗanwake ne ƙanana, masu santsi, da man gyaɗa da ta soya da albasa, da wani yaji da har yau ban san abin da ke cikinsa ba. Da ina da cikin fari sai da na tayar da maigidana takanas ya je Gwiwa neman sa. Ya dawo da ɗanwaken wata daban, ya ce waccan ta tashi. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, shi kuwa yana tsaye da kula a hannu, ya rasa laifin da ya yi.

Da can ina ɗaukar duk wannan a matsayin kwaɗayi, abin da ake kashe dare da shi a yi dariya. Ciwon mahaifina ne ya sauya mini tunani.

Baba direba ne. Ɗan Kazaure ne gaba da baya, amma mai motar da ya daɗe yana ja mutumin Babura ne, saboda haka mafi yawan shekarun aikinsa a hanyar Kano zuwa Babura ya yi su, ta Kunya da Kanya Babba, wani lokaci har Baban Mutum a bakin iyaka. Ya ja Fijo 504, daga baya ya koma J5. Yakan ba mu dariya ya ce a watan Agustan 1991 ya kwanta a jihar Kano ya farka a Jigawa, kuma ko taya bai canza ba. Gida yake zuwa sau ɗaya ko biyu a mako. Sauran kwanakin a tasha yake ci, a tasha yake kwana. Ya ajiye tuƙi ina makarantar sakandare, da idonsa ya fara ba shi matsala.

A daminar 2022 hawan jinin da ya daɗe yana wasa da shi ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Ya yi kwanaki a asibiti aka sallamo mu da magunguna da umarnin a riƙa kai shi gashi, a kuma rage masa gishiri. To, kin san halin mai ɗan ilimi a gida. Aka ce a rage, ni kuwa na hana baki ɗaya. Na kwashe dunƙulen magi daga kicin ɗin Inna, na ɓoye kanwa, na ce man shanu ko ƙamshinsa kada ya ji. Na rubuta jadawalin abinci na manna a bango kamar a ɗakin marasa lafiya. Wa zai ja da ni? Ni ce nas ɗin gidan.

Ba wai ban da hujja ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da gishirin da ke cikin magi da burodi da komai. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a wajen mai hawan jini. Duk wannan gaskiya ne, kuma gobe ma haka zan gaya wa duk wanda ya zo gabana. Abin da na manta shi ne, abincin da aka tsara da kyau amma ya koma kicin a kwano, bai amfani kowa ba.

Baba ya daina ci. Ba rana ɗaya ba, a hankali. Yau ya ci rabi, gobe loma uku, jibi ya kawar da kai. Inna ta yi lallashi, yayyena suka yi, ni na yi faɗa. Cikin mako shida agogonsa ya fara zamewa daga tsintsiyar hannu, ƙasusuwan wuyansa suka fito. Mai yi masa gashi ya ja ni gefe ya ce, malama, tsokar da muke son ta farfaɗo da me za ta farfaɗo? Na san abin da ke biyo baya, domin na sha gani: rama, gyambon kwanciya, sai kuma robar hanci. Na san kuma Baba zai gwammace komai da a zura masa wannan robar.

Wani dare ina gwada jininsa sai ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata." Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya fitar da kalma biyu. "Tuwon Babura."

Na ɗauka ruɗewa ce. Inna ce, da ke zaune a bakin gado, ta gane. Ta ce akwai wata mai tuwo-tuwo a tashar Babura da direbobi ke kira Iya, tuwon gero take yi da miyar kuka, kuma tun suna da ƙuruciya yake damun ta da labarin wannan miya. Ta faɗi haka ne tana kallon bango. Da muka fito tsakar gida ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙa masa tuwo. Yau da ya kwanta, tuwon 'yan tasha yake nema."

Na san da yawa daga cikinmu za su ji wannan maganar har cikin ƙashi. Babu matar da ke son a yabi girkin waje a gabanta, balle a ce miji ne. Amma Inna ta haɗiye. Washegari ta sa aka surfa gero, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa kuka, har ta saci idona ta jefa rabin magi. Baba ya kai loma ɗaya, ya juya ta a baki, ya girgiza kai. Ta sake gwadawa da nama. Ta sake da kifi. Sau uku, kwano yana dawowa kamar yadda ya tafi. A na ukun ta ajiye kwanon a gabana ta ce, "To likita, sai ki je ki nemo masa."

Da gatse ta faɗa. Ni kuwa ranar da na samu hutu na ja ƙanena muka hau mota.

Ban san me nake zaton zan tarar ba. Baba ya bar hanyar nan shekara goma sha biyar da wani abu. Tashar cike take da matasa, masu sayar da taliya da manja, da masu shayi da Indomie, ba wanda ya taɓa jin wata Iya. Wani ɗan kamasho ya yi mana dariya ya ce Iya ai ta fi ɗari a garin nan. Amma matambayi ba ya ɓata. Aka nuna mana wani dattijo mai faci, da muka ambaci Baba da lakabin da ake kiran sa da shi a tasha, sai ya ajiye tayar da ke hannunsa ya miƙe tsaye. Ya tambayi lafiyarsa, muka gaya masa, ya yi shiru. Sannan ya ce Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, rumfarta ma ga wurin can, yanzu shagon cajin waya ne. 'Ya'yanta mata duk aure ya kai su nesa, ba wadda ta gaji sana'ar.

Har mun juya sai ya kira mu. Ya ce akwai yarinyar da ta yi mata wanke-wanke shekara da shekaru, tana nan cikin gari, a gida take tuwon sayarwa. Ya haɗa mu da wani yaro ya raka mu.

"Yarinyar" ta haura hamsin, da jikoki. Muka same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo mu, ina jin kunyar kaina, domin da bakina nake cewa na baro Kazaure saboda miyar kuka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mai J5 ɗin nan fara? Wanda ba ya cin tuwo sai da ƙanzo?" Ƙanena ya dube ni. Har gobe Baba ba ya cin tuwo sai an kankaro masa ƙanzo.

Ta shimfiɗa mana tabarma ta ce mu zauna, za ta yi a gabana in gani, domin ita ba ta iya faɗa da baki ba.

'Yar uwa, a nan zan ɗan daɗe, saboda abin da na gani a wannan tsakar gida shi ne dalilin rubutun nan.

Geron ba a kai shi inji ya yi laushi kamar hoda ba, da ɗan saura a jikinsa. Kukar ba ta kasuwa ba ce. Ta ce Iya ba ta taɓa sayen kuka a kwano ba, ganyen take sa a ɗebo mata, ta shanya a inuwa, domin wadda rana ta buga takan yi fari ta rasa ƙamshi. Ta nuna mini tata, kore shar. Ta ɗora tukunyar ƙasa a murhu, ta daka bandar kifi da ƙashinta duka har ta zama gari, ta daka citta da masoro da barkono kaɗan. Duk wannan Inna ma ta san shi. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin leda, tana kwance shi wani wari ya bugi hancina har sai da na ja da baya.

Ta yi murmushi ta ce, "Kin ji ta ko? Daddawar batso ke nan."

Na taso ina jin sunan, amma ban taɓa ganin an sa ta a gidanmu ba. Mu daddawar kalwa muka sani, ta 'ya'yan ɗorawa. Ita batso da gurguzu ake yin ta, wato 'ya'yan yakuwa, dangin zoɓon nan da muke sha. A dafa su su yi laushi, a rufe su kwanaki su ruɓa, a daka, a shanya. An fi cin ta a ƙasar Nijar da garuruwan bakin iyaka, kuma Babura ai da Nijar kamar ɗaki da falo ne. Ba mu kaɗai ba ma, mutanen Burkina Faso da Mali da arewacin Kamaru har Sudan duk suna yin irinta, kowa da sunan da yake kiran ta. Ta ce Iya kashi biyu take sa kalwa, kashi ɗaya batso. Idan batso ta yi yawa miya ta yi ɗaci, idan babu ita kuma, "miyar kowa ce."

Da ta ɗauko gishiri da kanwa sai nas ɗin da ke cikina ta motsa. Na ce, "Mama, mai hawan jini ne, an hana shi."

Ta tsaya da hannunta a sama. "An hana shi, ko an ce ya rage?"

Na yi shiru. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kama ni da tambaya ɗaya.

Ta ce, "'Yar nan, miyar da daddawa ta ji ba ta neman gishiri da yawa. Masu zuba magi huɗu biyar, daddawa ce ba su sa ba." Ta ɗebi gishiri da yatsu uku ta nuna mini, na ce ta rage, ta rage. Kanwa kuma muka yi ciniki kamar a kasuwa, har muka tsaya a kan ɗan abin da bai kai ƙwayar gero uku ba. Magi ko ɗaya ba ta sa ba, ta ce Iya ba ta san shi a miyar kuka ba.

Abin da ta faɗa a kan daddawa yana da tushe a ilimin da na karanta, na kuma manta. Harshe ɗanɗano biyar yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar, wannan daɗin da kike ji a romon nama, wanda ke sa miya ta cika baki. Wani masanin kimiyya ɗan Jafan, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin da ke kawo shi a 1908, ana kiran sa gulutamet, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, wanda muke ce wa farin magi. To, idan kalwa ko gurguzu suka ruɓa, irin wannan sinadarin ne ke fitowa daga cikinsu. Kakanninmu suna da nasu tun kafin a kawo na kanti. Ba na ce daddawa magani ba ce, ba kuma na ce mai hawan jini ya saki jiki ba. Na ce ne kawai, lokacin da na kwashe magi daga kicin ɗin Inna, ban sa komai a madadinsa ba, na bar tsoho da ruwan kuka tsararo.

Ta bar ruwan miyar ya daɗe yana tafasa, har warin nan ya kwanta ya koma wani ƙamshi mai nauyi. Sannan ta janye itace, ta riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu tana kaɗawa da maburgi da dama, ba ta ko kallon tukunyar, tana ba ni labarin Iya. Ta ce mace ce mai faɗa, amma ba direban da ya taɓa kwana da yunwa don ba shi da kuɗi. Tana da wani ƙaramin littafi da ba ta iya karantawa ba, yara ke rubuta mata bashi, kuma da ta rasu aka tarar rabin bashin ba a biya ba, ba ta kuma taɓa aika a karɓo ba. Ta ce direbobi sun fi son miyar da ta kwana, saboda haka kullum Iya takan rage ta jiya ta haɗa da ta yau. A ƙarshe ta soya man shanu da albasa a ɗan kasko, ta zuba mini a wata 'yar kwalba daban. "Wannan ke kika san adadin da za ki ba shi. Amma ko ɗigo ne ki sa, don hanci."

Don hanci. Nan ma ta yi daidai. Yawancin abin da muke kira daɗin abinci ba a harshe yake ba, a hanci yake. Shi ya sa idan mura ta toshe ki komai sai ya zama kamar dusa, shi ya sa kuma a 2020, lokacin korona, waɗanda suka daina jin ƙamshi suka riƙa cewa abinci ya fita daga ransu. Kuma saƙon ƙamshi yana isa kusa da inda ƙwaƙwalwa ke ajiye tsofaffin abubuwa da abin da ya taɓa zuciya, ta gajeriyar hanya. Turaren da kakarki ke sawa, idan kika ji shi a jikin wata a gidan biki, kafin ki yi tunani har kin gan ki a ɗakinta. Ga tsufa kuma yana rage jin ɗanɗano, wasu magungunan ma suna ɓata baki. Tsoho mara lafiya yana bukatar abinci mai ƙamshi fiye da ni da ke, mu kuwa shi muke ba wa wanda ya fi kowanne lami.

Na kawo kuɗi ta ƙi karɓa. Da ƙyar ta yarda na biya kuɗin gero da kifi. Ta kankaro ƙanzo ta naɗe daban, ta ƙulla mini batso mai yawa, ta ce, "Ki ce masa yarinyar Iya tana gaishe shi, wadda yake ba wa sulai ta sayi gyaɗa."

Mun iso Kazaure bayan la'asar. A hanya na kira likitan da ke duba shi na faɗa masa abin da na ɗauko da abin da ke ciki. Ya ce in ba shi, in ci gaba da gwada jinin safe da yamma, kada kuma a fasa magani. Bari in faɗa miki wannan don kada ki ɗauki labarina ki yi ganganci: mai shanyewar ɓarin jiki ba a ba shi abinci sai an tabbatar yana iya haɗiya. An riga an gwada Baba a asibiti. Duk da haka na tayar da shi zaune sosai, na sa filo a bayansa, na sassauta tuwon da miya, na shirya in tsaya da zarar ya yi tari ko muryarsa ta canza.

Ban kai ga buɗe kular duka ba ya juyo da kansa. Wata shida ke nan rabon da in ga idonsa ya yi haka, tun kafin ciwon. Na ɗiga man shanu, na ɗebo ƙaramar loma. Ya ƙi buɗe baki. Ya miƙo hannun hagu. Mutumin da bai taɓa cin abinci da hagu ba a rayuwarsa, ya gutsura da kansa, rabi ya zube a zani, rabi ya isa.

Ya daɗe yana taunawa. Inna tana bakin ƙofa, ta yi kamar tana gyara labule.

Ya ce, a rarrabe, "Ba shi ba ne."

Gabana ya faɗi. Sai ya sake miƙa hannu. "Amma... ƙanensa ne."

Loma tara ya ci. Na ƙirga, aikina ne. A ta shida ya fara magana, irin maganar da sai wanda ya saba da shi zai gane. Ya ambaci yaron motarsa da suka yi shekara goma tare, wanda ya rasu a hatsari. Ya ambaci wani dare da ruwa ya tsare su, suka iso tasha ƙarfe ɗaya, Iya ta tashi daga barci ta ɗumama musu tuwo tana zagin su. Ya ce a lokacin shi kaɗai yake ɗaga buhun gero ya ɗora a saman mota. Sai ya dubi ƙanena ya ce gobe a duba masa ruwan batir. Motar da aka sayar tun ƙanen nawa yana firamare. Ɗakin ya yi tsit, kowa na tsoron ko ƙwaƙwalwar ce ta taɓu. Inna ce ta fashe da dariya daga bakin ƙofa ta ce, "Santi yake yi! Malam, santi kake yi a kan tuwon tasha!" Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa, har hawaye.

Daga baya na yi ta juya maganarsa, ba shi ba ne. Gaskiya ya faɗa. Hannun Iya ya tafi, wannan ɗaya ke nan. Amma ko da ita ce ta tashi ta kaɗa da kanta, ina jin haka zai ce. Wancan tuwon mutum ɗan shekara talatin da biyar ne ya ci shi, bayan ya wuni a kan sitiyari, da yunwa ta gaske, da abokansa a gefe, da hannayensa biyu suna aiki. Wannan ba a ƙulla shi a leda. Haka ɗanwakena na Gwiwa. Na ci shi ne ina budurwa, da albashina na farko a jaka, bayan daren da na karɓi haihuwa ni kaɗai kuma uwa da ɗa suka tashi lafiya. Wane yaji ne zai maido mini da wannan?

Sai dai ban yarda da masu cewa tunda ba za a samu ainihinsa ba, neman ma ɓata lokaci ne. Ƙanen tuwon ya isa ya buɗe wa Baba baki. Tun daga ranar ya koma cin abinci, ba da yawa ba, amma kullum. A wurin aiki ma na canza tambaya. Da nakan ce da masu jinya, "Yana ci?" su ce a'a, in rubuta. Yanzu nakan tambayi mara lafiyar da kansa, "Baba, me ka fi marmari? A ina ka taɓa cin wanda ya fi daɗi?" Za ki sha mamakin yadda wanda ya kwana uku bai ce uffan ba zai buɗe baki ya yi miki kwatancen wata rumfa a Daura ko Dambatta. Wani abin da suke nema ciwonsu ba zai bari a ba su ba. Amma sau da yawa akwai ƙanensa.

Inna fa? Kwana biyu ba ta taɓa ƙullin batson ba. Ta ce warinsa zai kore ta daga gidanta. A rana ta uku na dawo daga aiki na tarar da shi a buɗe, tana tsaye a kan tukunya ta toshe hanci da gefen mayafi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kashi nawa ta ce?" Na ce biyu da ɗaya. Ta ce, "Ni ɗaya da rabi zan sa." Baba ya cinye, ya ce nata ya fi. Ko gaskiya ce ko siyasar zaman aure, Allah ne masani, Inna dai ta yi mako tana ba maƙwabta labari.

Ya ƙara wata goma sha huɗu a duniya. Ya kai ga takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida. Ya rasu cikin hunturun 2023, a barcinsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku da suka rigaya.

Bayan arba'in na koma Babura na kai wa matar nan labari, da turmin atamfa da Inna ta ba ni in kai mata. A wannan karon na zauna da biro, tana yi ina tambaya, tana cewa "kamar haka" ina auna "kamar haka" ɗin da cokali. A bayan wani tsohon katin asibiti na rubuta, shi ne takardar da ke jakata. Yana nan a kicin ɗina, duk ya yi dabbaren mai.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kaɗa. 'Yata mai shekara bakwai ta shigo daga makaranta, ta toshe hanci ta ce, "Mama, mene ne ya mutu a gidan nan?" Ta ƙi ci, ta ce ita Indomie za a dafa mata. Ban yi mata faɗa ba. Da safe ina shirin fita aiki na ɗumama sauran don kaina, na shiga ɗaki ɗauko hijabi. Na fito na same ta a tsugune gaban kwanon, da kayan makaranta a jikinta, miya har gwiwar hannu, tana tambaya ko akwai sauran ƙanzo.